Makin Rabi a Wasan Maciji

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau a kasuwar Ƙaura!

Wayata ta ƙi caji, na kai wa Malam Sani mai gyara. Ya miƙo min wata tsohuwar ƙaramar waya, ya ce, "Sai gobe. Riƙe wagga kafin nan."

Na ce, "Wannan rakani-kashin?"

Ina juya bayanta sai ga harafin R da jan farce. Wallahi wayar Rabi ce! Rabi 'yar Kurya Madaro, ƙawata ta sakandare. Da ita muke wasan maciji a wayar nan a bayan aji, wadda macijinta ya mutu ta miƙa wa 'yar'uwarta.

Na ce, "Ina mai ita?"

Ya ce, "Ta kawo gyara, 'yan bindiga suka tashi garinsu. Ba ta dawo ba."

Na buɗe wasan. Makinta na nan a sama! Na hau bugawa, yatsana bai manta ba. Saura kaɗan in wuce ta, kuma in na wuce, nata ya goge. Sai na kai macijin bango da kaina.

Malam Sani ya ce, "Kash, kin kusa!"

Na ce, "Kai dai yi gyaranka."

Duk mai lambar Rabi ya turo min, don Allah. Yanzu ita ce da bugu.