Barkar da Tiamiyu Ya Yi wa Matar Mahauci

Tiamiyu masaƙi ya haura shekara arba'in a garin Iseyin na ƙasar Yarbawa, amma ba mai iya cewa ga yadda dariyarsa take. Ba girman kai ba ne, tsoron mutane Allah ya ɗora masa. Da ya hango mutum tafe sai ya sunkuyar da kai kan saƙarsa, zufa ta keto masa. To, a garin da ake yi wa na zaune sannu da zama, na tsaye sannu da tsayuwa, wanda ba ya gaisuwa ba a kiransa mai kunya. Wani suna ake ba shi ƙasa-ƙasa.

Yayarsa Sikiratu ce ta fasa masa ƙwan, ranar da ta dire masa kwanon tuwon amala da ƙarfi a rumfar saƙarsa.

"Ka san mata sun fara janye 'ya'yansu daga rumfar nan? Wai idonka ba na alheri ba ne. Ka manta yadda aka yi da tsohon nan na bayan kasuwa?"

Ina zai manta? Da jifa aka raka tsohon har bayan gari, wai maye ne.

"Yaya, to me kuke so in yi?"

"Ka buɗe bakin nan naka mai kama da ɗinki! Ka ɗaga kai, ka saki fuska, ka kira mutum da sunan ɗansa. Duk abin alherin da ka gani a jikinsa, ka yaba. Ko akuya ta iya wannan."

Haka ya fara. Ya yabi hular ladan, ya tambayi mai ƙosai ƙafarta da ke ciwo. Sai ga mutane suna amsawa, har wani ya zauna a bencinsa ya ɓara masa goro. Daɗi ya kwashe bawan Allah.

Ran nan Morenike, matar Alabi mahauci, ta zo wucewa lulluɓe da ƙaton zani duk da zafin rana. Tiamiyu ya ga abin alheri, ya kuwa ɗaga murya yadda aka koya masa.

"Barka, matar Alabi! Ashe ciki ne! Allah ya ba mu namiji!"

A garin kowa ya san ba a ambaton ciki sai ya sauka, balle na macen da ta sha ɓari, take ɓoye wannan har ga danginta. Amma wanda bai taɓa zama cikin mutane ba, ina zai jiyo? Morenike ta dafe mara ta juya gida tana kuka.

Kafin la'asar Alabi ya iso, wuƙar aikinsa a ƙugu. Bai ko ɗaga murya ba.

"Masaƙi, abin da idonka ya gani, ka tabbata ya sauka lafiya. Ka ji ni ko?"

Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ya rame, wuya ya yi tsawo. Duk kukan da ya tashi a unguwa sai ya zaci Morenike ce ta yi ɓari. Ga shi dole ya ci gaba da murmushi, don Sikiratu ta ce in ya yi shiru yanzu, cewa za a yi ya gama mugun aikinsa ne.

Bayan 'yan watanni, wata safiya ya ji guje-guje sun nufo rumfar. Alabi ne a gaba, ya kuwa sungume shi cak.

"Namiji! Wallahi namiji, yadda ka faɗa! Bakinka zuma ne, mutumina!"

Yau a unguwar ba wanda ake so kamarsa. Nama ba ya yanke masa, benci ba ya rabo da 'yan hira. Sai dai tsoronsa ya ninka na da, domin mata masu lulluɓi da ƙaton zani sun koyi rage tafiya a gaban rumfarsa. In ya yi magana, ya ɗauki rai a wuyansa. In ya yi shiru, za a ce ya hango wani mugun abu ke nan.

Jiya ma wata mai lulluɓi ta tsaya, ya sunkuyar da kai kan zare. Ba ta tafi ba. Da ya ɗago, idonta ya cika da hawaye.

"Baba," ta ce, "ni ba ku ce mini komai ba."