Ajiyar Takardun Mahaifina

Shekarar da ruwa ya ci garin nan, ya shiga unguwarmu ta Shehuri har ya kai ƙirjin mutum, a shekarar na rasa takardun mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Amma ba ruwan kaɗai ne ya cinye su ba, da hannuna a ciki.

Suna cikin gafaka biyu a kan katako. Da muka dawo gida bayan ruwa ya janye, ta ƙasa ta zama kunu, don tawadarmu ba ta jure ruwa. Ta sama ta jiƙe, amma ana karanta ta. Wasiƙu ne da fatawoyi da waƙoƙin wa'azi, duk da hannunsa, cikin ajami. Na shanya su a inuwa, sai ga fumfuna tana binsu kullum, ina kallo, ban san yadda zan yi ba.

'Yar ƙanena, wadda ke zaune a unguwar Galtimari tana karatun kwamfuta a jami'a, ita ta zo da dabara. Ta yi kwana huɗu tana ɗaukar hoton kowace warƙa da wayarta. Ta ce sai a kai hotunan ma'ajiya a intanet, kuma binciken da take yi a makaranta a kan irin waɗannan ma'ajiyun ne. Ta nuna mini a kwamfutarta. Na'ura tana auna kowace ma'ajiya: saurin amsawarta, sau nawa take katsewa, da yawan kayan da take ɗauka. Sannan ta tara masu kama da juna wuri ɗaya. Na ga ɗigo-ɗigo sun kasu tsibi uku, kamar an tsince wake a faifai. Tsibi ɗaya masu sauri ne amma suna yawan yankewa, ɗaya masu nawa, na ukun kuma su ne nagari.

Na sa yatsa a kan wani ɗigo da ke tsakiyar nagarin, na ce wannan. A tunanina wanda ya samu wurin zama a tsakiyar mutanen kirki ya wuce tuhuma, haka muke karɓar baƙo a zaure. Ta yi dariya ta ce na'ura ta shaidi halinsu na wannan watan ne kawai, ba ta san wanda zai kai baɗi ba. Ta roƙe ni a ajiye a wuri biyu.

Na ƙi. Mu yadda aka rene mu, idan ka ba mutum ajiya sannan ka kai irinta wani gida, ka gaya masa ba ka yarda da shi ba ke nan.

"Baba, ba mutum ba ne fa. Ba zai ji haushi ba," in ji ta.

"Ai akwai mutane a bayansa," na ce.

Sannan na ƙara da abin da ya fi wannan. Na ce in ta gama kai hotunan ma'ajiyar ta goge su daga wayarta, domin akwai ayoyi da sunayen Allah a ciki, ita kuwa waya ana shiga bayi da ita, ana sa kiɗa. Ba ta taɓa saɓa umarnina ba tun tana ƙarama, ranar ma ba ta yi ba. Ta goge a gabana.

Kafin damina ta zagayo takardun sun ruɓe, in ka taɓa warƙa sai ta biyo yatsanka. Ban damu sosai ba, tunda akwai ajiya. Sai wani ɗalibin mahaifina, tsoho ne shi ma, ya zo daga unguwar Lamisula neman wata fatawa a kan rabon gado. Na aika aka kira 'yar ƙanen nawa. Ta buɗe kwamfutarta, ta sake buɗewa, fuskarta ta canja. Masu ma'ajiyar sun rufe. Ashe sun aiko da sanarwa a kwashe kaya, sau uku, da Turanci, zuwa adireshin imel da ta buɗe mini wanda ban taɓa leƙawa ba. Ta rubuta musu, babu amsa. Babu ofishin da zan je, babu wanda zan tsare a ƙofar masallaci in ce ya ji tsoron Allah.

A gaban baƙon na ce iliminta ne ya cuce ni. Ta tattara kayanta ta fita. Wata biyar tana aiko da gaisuwa, ina amsawa a taƙaice, alhali na san wa ya sa yatsa, wa ya ce a goge.

Da azumi ya matso na kasa ɗaukar abin. Na hau keke napep zuwa Galtimari. Ta durƙusa za ta gaishe ni, na ce ta tashi, na zauna a tabarma kusa da ita.

"Haƙƙinki yana wuyana," na ce. "Kin faɗa mini, na ƙi ji, sannan na ɗora miki a gaban mutane. Ki yafe mini."

Ta ce ita ma ba ta sami sukuni ba, da ta sani da ta ɓoye kwafi ko da zan yi fushi. Na ce da ta yi haka da ta fi ni gaskiya, amma biyayya ba laifi ba ce.

"Na yafe, Baba," ta ce.

Takardun dai sun tafi. Muka yi wa mai su addu'a tare, na sha ruwa, na kama hanyar gida kafin la'asar.