Filawon Ilu Kwatano

Duk wanda ya san Ilu Kwatano, taubashina, ya san shi zaune a gindin itatuwansa uku, ido a rufe. Ka yi sallama sai ya ɗaga hannu: "Shiru, teku na magana!" Teku a ƙauyenmu Kwaya, jama'a! Iska ce kawai ke shuuu cikin ganyen.

Filawo sunan itacen. Daga birnin Kwatano ya zo da irin, inda ya yi dako a bakin teku yana saurayi, kuma bai daina begen wurin ba. Ganyen kamar tsintsiya, ba ya miya, inuwar ma ba ta isar jaki. Amma kafin matarsa Hajjo ta sami ruwan girki, sai filawo sun sha.

Wajen yabo kuwa ba a magana. "Ƙusa lanƙwashewa take a jikinsa. Ƙotarsa sai ka bar wa jikanka. Ɗanye ma ci yake da wuta!"

Da mushen lakwal, wato malamin makarantarmu, ya ji haka, ya zo roƙon ginshiƙin rumfar aji. Ilu ya shimfiɗa masa tabarma, ya yi masa shayi, ya ce a'a.

"To Malam Ilu, mene ne amfanin ƙarfin nasa?"

"Mushe, da ba shi da ƙarfi ai da kun kayar da shi tuni."

Wata damina rufin ɗakinsu ya rufta. Ilu ya ɗaura amalanke har kasuwar Mallawa neman sandunan itacen turare. Hajjo ta bi shi ƙofar gida tana faɗa: "Ga itace a gabanka, Malam! Wallahi ranar da ka juya baya da su zan tuƙa tuwo!"

"Ɗaki ana sake shi, Hajjo. Waɗannan in sun faɗi, ni da ke ba za mu ga tashinsu ba."

Na sha tsokanarsa: "Kai Ilu, kishin itace sai ka ce amarya?" Ya ce, "Kai da ko tafkin kirki ba ka taɓa gani ba, me ka sani?"

Bara ya rasu. Ana neman itatuwan rufe kabari, matasa suka nufi filawo da gatura. Sai muryar Hajjo daga bayan danga: "Reshe ɗaya! Wanda ya taɓa gindi, ban yafe ba."

Reshen nan sai da ya karya ƙota biyu. Liman ya girgiza kai: "Ilu, har yau gardama?" Muka yi dariya hawaye na zuba.

Ina kewarka, taubashi, ba ni da wanda zan tsokana. Reshen naka mun jera maka shi ta wajen kai. Allah ya jiƙan ka, ya yalwata maka makwanci, ya sa can ba ka begen ko'ina.