Jar Akuyar da Ta Tsira daga Wa'azinmu

Talata: Gummi zuwa Anka

Ladan bai kira assalatu ba na riga na ɗaure lasifika a kan mota. Ku 'yan majalisar bakin kasuwa da kuka dame ni da tambayar yadda aka yi ni Bawa, wanda karatunsa ya tsaya a Sabbi, na shiga ayarin masu wa'azi, to ga amsa: lasifika tana da nauyi, malamai kuma ba a san su da dako ba. Wannan shi ne dalilin da kwamitin masallacinmu ya sani. Dalilin da ni na sani kuwa, jar akuya ce.

Zangonmu na ƙarshe wata tunga ce can bayan Nasarawar Burkullu, inda taubashiyata Tumba ke aure a gidan limamin wurin, Liman Gado. Bara da na je gaishe su na ga wata jar akuya a turke, fatarta na sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa. Kun kuma san al'ada, malamai ba sa sauka a ƙauye a sallame su da miya tsura, dole jini ya zuba. Tun ranar da aka ambaci tungar nan a masallaci na ji kishin addini ya taso mini.

Mu huɗu ne. Akwai Malam Isiyaka, shugaban tafiya, dattijo mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ko shiru ya yi sai ka ji kamar ya yi maka faɗa. Akwai Ustaz Nura, matashin malami da ya dawo daga karatu a Sakkwato da ilimi fal da gaggawa fal. Akwai direba Ɗanjuma, mai tsohuwar motar da ba ta tashi sai an tura. Sai ni, mai turawa.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Mun bar fadamun shinkafa ke nan Ustaz ya buɗe maganar da ta raka mu har dawowa: idan ana son ƙarfafa al'umma, da me ya kamata a fara?

"Aƙida, Malam," in ji shi. "Sannan daidaita sahu. Sannan a zo kan tsawon wando."

Ɗanjuma ya ce shi a ganinsa a fara da gyaran hanya, don duk ramin da ya faɗa sai ya yi ashar, kuma bai san wa ake rubuta wa zunubin ba.

Malam ya waiwayo. "Kai fa, Bawa?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ni ɗan dako na. Abin da kunka aza mani shi nika ɗauka." A zuciyata kuwa na daɗe da gama tsarina: a fara da hanta.

A wani shinge 'yan sa-kai suka tsayar da mu. Ɗayansu ya zagaya motar, ya dubi bakin lasifika ya ce wannan fa? Na ce da ita muke korar Shaiɗan. Ya ce to mu tsaya mu kore masa na wannan dajin. Malam ya yi musu addu'a, suka ɗage itace, suka ja mana kunne kada yamma ta same mu a hanya.

Bayan azahar muka yi wa'azi a gefen Anka, kusa da inda masu haƙar zinari ke niƙa dutse. Mutane ne daga ko'ina, wasu daga Katsina, wasu daga Nijar, ƙurar dutse ta mai da kowa fari fat har gira. Ustaz ya zuba ilimi kan ɗage wando. Na duba sahun, babu wanda wandonsa ya wuce gwiwa, shiga ramin haƙa ya riga Ustaz yin aikin. Da aka gama wani daga cikinsu ya ce su dai da za a samar musu wurin wanka kafin su shiga gida, don kada su kai wa 'ya'yansu gubar dutse irin wadda ta taɓa yi wa Tungar Guru ɓarna, da sun gode. Malam ya ce ya ji, kuma na ga alamar ya ji ɗin.

Wani mai sayar da goro ya sauke mu a zaurensa, ya yanka mana kaji. Ni aka ba ni wuya da ƙafafu, rabon mai lasifika. Ban yi ƙorafi ba. Mai jiran akuya ba ya faɗa kan kaza.

Laraba: Bukkuyum

An kwana ana ruwa. Sau nawa na tura motar Ɗanjuma a laka, ƙuguna ne kaɗai ya sani. Da hantsi muka shiga Bukkuyum. Wa'azin ranar kan zakka ne da tausayin talaka, kuma wallahi Ustaz ya yi ƙoƙari, har wani tsoho ya yi hawaye. Tsohon nan shi ne mai masaukinmu. Rigarsa faci ya fi yadin yawa, amma ya sa aka yanka mana zabi.

Na zagaya bayan zaure wanke hannu, sai na ji muryar mace ta cikin zana tana cewa, "Allah shi sa gobe su tahi. Zabuwa guda ta rage." Na ce amin a hankali, ina sakace.

Da la'asar na leƙa kasuwa na ci karo da wani mai kabu-kabu, mutumin tungar su Tumba. Na tambayi Liman, na tambayi iyali, na tambayi damina, sannan na zo kan abin da ya kawo ni.

"Dabbobi fa, lahiya lau?"

"Waɗanne dabbobi, Baba? Ba ka ji ba? Ɓarayin daji sun kwashe tun bazara. Jar akuyar Liman kaɗai ta tsira, don Inna Tumba ta ja ta ɗaki ta ruhe ƙohwa."

Na ce alhamdu lillahi, da ƙarfin da ya sa ya dube ni.

Ya ce, "Ai kam. Ɗiyar Liman ta rasu wurin haihuwa, ta bar jinjira, A'i. Da nonon akuyar nan aka riƙonta. Amma tun da Liman ya ji kuna tahe ya sa anka wasa wuƙa."

Na koma masauki na tarar an ajiye mini sauran zabo. Na cinye, don almubazzaranci haramun ne, amma ku yarda da ni, ban ji daɗinsa ba.

Alhamis: Tungar Liman Gado

A Nasarawar Burkullu muka bar Ɗanjuma da motarsa, don daga nan hanya ta babur ce. Na hau bayan wani, lasifika a cinyata, gero na marin mu dama da hagu. Rana ba ta yi zafi ba muka isa. Duk tungar ta fito. Liman Gado, dogo siriri, ya riƙe hannun Malam da hannu biyu kamar an kawo masa ruwan sama.

Ni da yake ɗan gida ne na yi sallama na shige ciki. Tumba na zaune bakin ɗaki da jinjira a cinya, tana ɗiga mata nono da ɗan ludayi. Ga akuyar nan a turke. Ta rame kaɗan, ta kuma kafa mini ido kamar an ba ta labarina.

"Ga makwaɗaici," in ji Tumba. "Ina ganin ka na san wa'azi ya zo da yunwa."

"Ke har tsuhwa ba ki koyi gaisuwa ba." Na zauna na yi mata ta'aziyya. A'i ta kama ludayin da hannu biyu.

Tumba ta ce, "Masu wa'azin bazara sun ci zakarana. Na hwarkon damina sun ci agwagi. Kowa ya zo sai ya ce mu ji tsoron Allah. Mun ji, Bawa. Dabbobi ma sun ji."

"Kin yi ma Liman magana?"

"Na yi. Ya ce ubanai bai taɓa sallamar malami da miya tsura ba, ba kanai za a hwara ba. Ya ce wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. Na ce gaskiya ta, shi ya sa ya halicci akuya."

Na fito da dabara a kaina, irin dabarar wanda ya tsaya a Sabbi. Na sami Liman a bayan masallaci yana gwada kaifin wuƙa a farce.

"Liman, mai da ita kube. Yau Alhamis, malamai azumi suke."

"Har da kai?"

"Ni na hwara ɗauka."

Ya daɗe yana kallon bakina. Sai a lokacin na tuna da goron da ke kumatuna.

Na ce, "Na jiya na."

"Masha Allah," in ji Liman. "Wanda ya ciyar da mai azumi yana da lada irin tasa. Sai ku kwana. A yanka da la'asar, a sha ruwa da romo."

Kun ga amfanin ƙaryata: na ƙara wa akuya rabin yini, na ƙara mana kwanan daji.

Ustaz na can yana gwada lasifika, na ja Malam Isiyaka gefe na zazzage masa komai, tun daga jinjira har goro. Da na gama sai ya ce:

"Ƙarya a bayan masallaci, Bawa. Da goro a baki."

"Allah shi gafarta Malam, rashin sabo na."

"Ka saba. Iyawa ta ba ka yi ba."

Bayan sallar azahar, jama'a na zaune, Malam ya miƙe. Ya fara da cewa babu mai azumi a cikinmu, Bawa ne ya yi mana zaton alherin da ya fi ƙarfinmu. Aka yi dariya, na sunkuyar da kai. Sannan ya juya ga Liman.

"An ce ka ba mu akuya."

"Taku ta, Malam."

"Har ga Allah? Jama'a sun shaida?"

"Sun shaida."

"Mun karɓa, Allah shi saka da alheri. Amma da ranta muke sonta. Baƙo na da zaɓi, ko tukunya ko igiya."

Aka fara ƙus-ƙus. Aka jawo akuyar har ƙofar masallaci, Malam ya karɓi igiyar da hannunsa don kowa ya gani. Na ɗauka a babur za a ɗora mini ita. Rabin zuciyata ta tafi wurin A'i, ɗaya rabin, Allah ya yafe mini, ta tafi wurin yaji.

Malam ya ce, "Sai dai masallacinmu ba shi da garke, ba shi da makiyayi. Muna roƙon arziki a riƙe muna ita kiwo a wurin Inna. Nono na mai kiwo na, 'ya'ya kuma a raba yadda anka saba. Amana ta, Liman, kai ka hi ni sanin hukuncinta. Ba a saidawa, ba a yankawa. Duk malamin da ya sauka nan, komi girman rawaninai, ku ce mai akuyar masallacin Gummi ta."

Ya miƙa masa igiyar. Liman ya dubi igiya, ya dubi wuƙar da ke ɗaya hannun, ya dubi jama'a. Can sai ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Malam, ka ɗaure ni da igiyata."

"Ka karrama mu, kowa ya gani. Yanzu mu ke neman alhwarma."

Ya mayar da wuƙa kube. Daga bayan zana sai ga muryar Tumba: "Ku gaya ma Bawa miya ta nuna."

Tuwon gero muka ci da miyar kuka, wadda ko ƙashi bai ratsa ta ba. Ustaz ya yi wa'azi gajere kan haƙƙin maraya a wuyan maƙwabta, bai taɓa wandon kowa ba. Kafin la'asar muna kan babura.

Komawa Gummi

Ɗanjuma ya tare mu yana leƙen hannuna, don na yi masa alkawarin cinya. Na ba shi lasifika ya ɗaure.

Mun yi nisa sai Ustaz ya gyara murya. "Malam, na sake duba tsarin. Aƙida tana nan a wurinta. Amma kafin a bar gida, guzuri. Kwana uku muna ƙarfafa al'umma, ni dai na ga mu muka ƙara ƙiba."

Malam ya ce daga yau duk fitar da za a yi, buhun shinkafar Gummi da busasshen kifi za su hau mota tare da lasifika, a ci da mai masauki, a bar masa saura. Ya ce maganar wurin wankan masu haƙar zinari kuma shi zai kai ta gaban kwamiti da kansa. Ɗanjuma ya tambayi wa zai riƙa ɗaukar buhun. Duk suka juyo suka dube ni, har da direban, mota na tafiya.

Ba a nan aka tsaya ba. Malam ya ce dukiyar masallaci ba ta zama ba mai dubawa, kuma a duk Gummi babu wanda akuyar nan ke ransa kamar Bawa. Haka aka naɗa ni wakilin akuya, muƙami na farko da na taɓa riƙewa a addini.

Ana kiran magariba muka ga fadamun gida. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu ba tare da mun haɗu da mugun ji ko mugun gani ba. Ina gode wa masu masaukinmu na Anka da Bukkuyum, ina kuma neman afuwar kajinsu da zabinsu, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a tafarkin wa'azi.

Makon jiya na je duba amana. A'i ta yi kumatu, har tana neman rarrafe. Akuyar kuwa an ce tana lafiya, amma ban gan ta ba. Tumba na jin sallamata ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa, kamar ranar da ɓarayi suka zo.