Dattijon da Ya Taya Ni Ɗaga Ƙanena

Da muka tare a garin Bowie, can ƙasar waje, gidan da ke kusa da namu na wani dattijo ne ɗan Indiya, mabiyin addinin Hindu, injiniya mai ritaya. Ba ya cin nama, ba ya taɓa albasa, kuma ba ya kai loma baki sai ya fara ajiye abincin a gaban abin bautarsa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A lokacin ƙanena yana zaune tare da mu. Aikinsa na gidan rediyo ya tsaya, giya ta kama shi. Mun yi faɗa, mun yi lallashi, maigidana ya kai shi wurin liman, ya kai shi asibiti. Ranar da ƙanen nawa ya zube a ƙofar gida da rana tsaka, dattijon ne ya taya ni ɗaga shi. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

"'Yata," ya ce mini da Turanci, "ni ma haka matata ta yi ta ɗaga ni har ta mutu."

Washegari ya zo ya zauna da ƙanena a bakin ƙofa, ina jin su daga kicin.

"Na daɗe ina kokawa da kwalba tana kayar da ni," in ji dattijon, "don mai son shan da mai son dainawar duk ni ne. Ranar da na bari, ban ɗauki alkawari ba. Kifewa na yi a ƙasa na ce wa Ubangijina, ga harshen, ga maƙogwaron, naka ne, ni na gaza. Tun daga nan, abin da ba zan iya miƙa masa ba, ba ya shiga bakina. Kwaɗayin yana zuwa har yanzu, amma ba ni ke amsa masa ba."

Ƙanena ya yi murmushin yaƙe. "Baba, ai mu sunan addininmu ke nan, miƙa wuya."

"To, ka miƙa."

Ƙanena ya ɗan daina shan giya. Ya yi azumin shekarar cikakke, har kumatunsa suka ciko. Da sanyi ya shigo, aka tsinci gawarsa a cikin motarsa, a bayan wani kanti a garin Fort Washington.

Dattijon bai zo ta'aziyya ba, sai 'yarsa ya aiko da shinkafa. Da na shiga yi masa godiya, na tarar da shi kwance, idanunsa sun yi rawaya. Hantarsa ta lalace tun shan da ya yi a baya.

Ban san lokacin da na ce, "Baba, me ya sa kai ka tsira, shi bai tsira ba?"

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. "Ban sani ba, 'yata. Na so a ce na sani."

Bai kai bazara ba. 'Ya'yansa suka ƙona gawarsa bisa al'adarsu, suka sayar da gidan.