Darbejiyar Yaya Sabo

Shekara tara ke nan cif da muka kai yayana Sabo makwancinsa, kuma har gobe 'yan Tudun Wada ba sa kiransa sai da "Sabo Italiya". Ya kuwa ci sunan. Shekara goma sha huɗu ya yi yana aikin jimar fata a wani ƙaramin gari a arewacin Italiya, ya dawo mana da tari a ƙirji da labarin garin a baki.

Duk wanda ya taɓa zama da shi a dakalin ƙofar gidanmu ya haddace garin nan. Hasumiyar agogo da ta girmi kakan kakanmu, gadar dutse da yaƙi ya karya aka sake ɗora ta da duwatsunta na asali, bangon da aka sassaƙa sunayen 'yan garin da suka mutu a fagen daga. A ofishin magajin gari kuwa, in ji shi, ɗaki guda aka ware wa littattafan haihuwa da mutuwa, kana faɗin sunan kakanka za a nuna maka layin da yake kwance. "Mutanen nan ba sa yar da nasu," da haka yake rufewa kullum.

Wannan maganar ce take ƙona ni. Yana can yana kallon agogon mutane Inna ta kwanta ciwo. Ni na yi jinyarta, ni na saka ta a kabari. Sau uku ina aika masa, yana cewa takardunsa ba su fito ba, in ya taho ba zai iya komawa ba.

Da ya dawo sai ya ce, "Habu, kai ni wajen Inna." Na kai shi maƙabarta, na wuce kabarinta da gangan, na tsaya a kan wani can gefen katanga wanda ban ma san mai shi ba. Na ce, "Ga ta nan, Yaya." Ya durƙusa yana kuka kamar ransa zai fita. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Washegari ya dasa darbejiya a wurin, wai tunda mu ba ma rubuta suna, itace ya zama shaida. Shekara bakwai, duk Juma'a in an sauko, sai ya ɗauki jarka ya je ya ba ta ruwa, ya yi addu'a. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa masa, da ya ɗauko zancen gadar dutse sai in haɗiye abina.

Da zai ga unguwar yau, tsaki zai yi ta ja. An rushe zauren gidanmu an yi shaguna, dakalinsa kuma mai cajin waya ne ya kafa tebur a kai. Sai dai na san ba zancen zaure zai fara yi mini ba.

Wasiyyarsa ɗaya ce, a gaban mutane ya faɗe ta: a kwantar da shi kusa da Inna. Kowa ya san darbejiyar. Na ja bakina na yi shiru, aka haƙa a gindinta.

Bara da damina na je neman ainihin kabarin Inna. Ruwa ya shafe wurin, an jera sababbin kaburbura a gefen. Na yi ta zagaye har la'asar ban gane shi ba. A da ni kaɗai na sani, yanzu ni ma ban sani ba. Darbejiyar kuwa ta yi inuwa, 'ya'yansa maza suna tsayawa a ƙarƙashinta su yi wa ubansu da kakarsu addu'a, ni kuma ina bayansu ina cewa amin.

Allah ya jiƙan Yaya Sabo. Shi bai yar da Inna ba, ni na yar da ita.