Wa Zai Riƙe Famfunan Kawu?

Kawuna ne ya fara kafa famfo mai aiki da hasken rana a rijiyoyin arewacin Dakoro. Ranar da ya ce rana za ta ja ruwa a madadin raƙumi, ƴan kasuwar dabbobi sun sha dariya. Daga baya su ne suka riƙa sallama a ƙofarsa. Ya tara ma'aikata, ya buɗe buro, wato ofis, ni kuma nake tuƙa shi ƙauye-ƙauye.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Ƙafafunsa suka kumbura, ya daina hawa tankin ruwa, a hankali ya daina zuwa buro. Ma'aikata suka rage kiransa, wai kada su dame shi. Da hantsi nakan same shi a zaure shi kaɗai, salula a kan gwiwarsa, yana dubawa ko caji ne ya ƙare.

Mutum biyu ake wa kallon magada: babban ɗansa da ya yi karatu a Yamai, da wani tsohon ma'aikacinsa, mutumin Kornaka. Kowannensu kan zo gaisuwa, amma ba su taɓa zuwa tare ba.

Wata rana Kawu ya ce mini, "Ɗana, wa kake gani?"

Na ce, "Kawu, duk wanda ka nuna za a bi."

"Kai ma ba ka fahimta ba. Dukansu sun iya gyara abin da na kafa. Ni wanda zai ga abin da ban gani ba nake nema."

Ya roƙe ni in kai shi wata rijiya kusa da Bader Goula, inda ya taɓa kafa famfo. Bai iya saukowa daga mota ba. Makiyaya suna ta shayar da shanu, ba wanda ya gane shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mu koma.

Ya rasu farkon damina bai nuna kowa ba. Bayan sadakar arba'in suka raba aikin, ɗan ya ɗauki kudu, ma'aikacin ya ɗauki arewa. Kowannensu ya nemi in bi shi. Na ba su haƙuri, na miƙa makullin mota, na koma gonar babana.